Hancin Gidan Burris

Cedar Lick, Kentucky
12 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Yayata Oleta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da kajinki da waliyyan cocinku na kan dutse. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya ƙi sakin mu. Matata Jewell tana gaishe ki. Wato dai na ce mata zan rubuto miki, ta ce "to".

Jibi Roscoe direba zai biyo ta wajenku da dusar shanu, zai ajiye miki kwali a bayan gida ƙarƙashin buhu kamar yadda aka saba. 'Yan kwalabe takwas ne, kowace da lambar gangarta. Ni da kaina na hau hawa na shida na rumbun giya na zuƙo su, ba wanda ya taya ni, kuma ban sirka ko ɗigon ruwa ba, yadda wiskin ya fito daga ganga haka zai iske ki. Shekara goma sha biyu suna kwance. Uku nake so daga ciki.

Bana ki buɗe hancin nan da kyau, domin gidan Burris ya cika shekara ɗari da fara dafa giya. Wasu mutanen Japan za su zo ranar Asabar ashirin da biyu ga watan gobe, suna so su riƙa ɗaukar burbon ɗinmu, wato wiskinmu na masara, zuwa ƙasarsu har shekara goma. Sun ce da idonsu suke so su ga al'adar da Kaka ya bar mana: a jera ganguna, maigida shi kaɗai ya kai hanci ya kai baki, ya zana alli a kan ukun da ya zaɓa, a juye su a kwami ɗaya nan take, sannan ne za a zuba wa baƙi. 'Yan jarida ma za su zo daga Louisville. Har na sa an ɗinka min sabuwar kwat, tela ya ce bai taɓa auna kafaɗa irin tawa ba.

Saboda haka ki aiko min da lambobi ukun, tare da 'yan kalmomin nan naki na su zuma da ɓawon lemo da zan faɗa a gaban mutane. Ki taƙaita don Allah. Bara kin cika shafi guda kamar wa'azin marigayi mijinki, sai da na manta rabi ina tsaye.

Ki tuna ki riƙa tofarwa, kada ki haɗiye, kada mijin naki Fasto Sizemore ya zo miki a mafarki da sanda. Na ji an ce kin rame. To ai gara, shekara arba'in ke nan muna jiran haka.

Ki huta lafiya. Ni ne ƙanenki,
Delmer Burris
Maigida kuma mai zaɓen ganga

*

Pine Gap
17 ga Satumba, 1988

Delmer,

Na amsa gaisuwarka, kaji suna lafiya. Ka gaida Jewell, ka ce na gode da "to" ɗin.

Kwali ya iso. Jiya da safe, kafin in sha kofi, na buɗe tagar kicin na jera su takwas a kan tebur da gwangwanin tofi a gefe. Biyar daga ciki giya ce kawai, ba yabo ba fallasa. Ɗaya tana da kyau ƙwarai. Ɗaya ta lalace: ina jin rufin rumbu yana yoyo a kanta shekara da shekaru, ruwa ya ruɓar da katakon, warinta irin na ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙen buhu da mushen ɓera. Duk wanda ke da hanci zai ji ta daga bakin ƙofa.

Ɗayar da ta rage kuwa, Delmer, ban taɓa sa irinta a baki ba. Wuta ce take fara yi maka sallama, har sai da idona ya kawo ruwa. Ka yi haƙuri ka riƙe ta a kan harshe, sai wutar ta kwanta, ƙonannen sukari ya taso, bayansa gasasshiyar gyaɗa, can ƙasa kuma ganyen taba irin wanda ake shanyawa a rumfar su Kawu Estill. Na ɗiga mata ruwan rijiya ɗigo uku, sai ta buɗe ta zama tuffa da kirfa. Na tofar, na wanke baki, bayan rabin awa tana nan ba ta tafi ba. Na zauna ni kaɗai na yi kuka, kuma ba kunya nake faɗa maka ba.

Ka lura ban rubuta lamba ko ɗaya ba. Ba mantuwa na yi ba.

Akwai ƙulli a ƙarƙashin harshena tun bazara. Likita a Lexington ya ce ciwon daji ne. Ranar goma ga watan gobe za su fara gasa wurin da na'ura, kullum ban da Asabar da Lahadi, har sati bakwai. Na tambaye shi ɗanɗano fa, ya kalli takardarsa ya ce, "Malama, zai tafi, kuma a shekarunki ba na yi miki alkawarin zai dawo." Ka ga ramar da kuke jira shekara arba'in ke nan.

Shekara talatin da ɗaya yau tun da ka faɗo daga hawa na shida ka fasa kai. Ni ce na zauna a gefen gadonka ranar da ka ja hannuna ka ce, "Yaya, ba na jin warin komai, ko na fitsarin da ke gadon nan. In Baba ya sani ya gama da ni." Ni kuwa Baba ya hana ni taka ƙofar rumbu tun ina 'yar shekara tara, wai mace ba ta shiga tsakanin gangunansa. Sai na riƙa shaƙa maka a ɓoye a bayan garken alfadarai. Na yi aure na zo gundumar da ko kwalbar giya aka gan ka da ita sai ka kwana a hannun hukuma, na auri fasto, na ci gaba da yi maka ina tauna kanumfari kafin mijina ya dawo. Duk lambar yabon da ke rataye a ofishinka daga kicin ɗin nan ta fito. Abin da nake rarrashin kaina da shi kullum shi ne Baba ya mutu bai sani ba, kuma da ya sani da ya yi alfahari da ni.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Wannan ce ta ƙarshe da zan zaɓa, ina so sunana ya hau jikin kwalbar. Oleta Burris, a inda ido zai gani. Ranar da ka rubuto ka ce ka yarda, ranar zan aiko maka da lambobi.

Ubangiji ya kiyaye ka. Yayarka,
Oleta

*

Cedar Lick
24 ga Satumba, 1988

Yaya Oleta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji labarin harshenki, Allah ya sawwaƙe. Ni dai na daɗe ina cewa harshen da ba ya hutawa wata rana sai ya kawo ƙara.

Maganar suna kuma, na yi dariya har Cletus shugaban ma'aikata ya leƙo ya ce, "Maigida lafiya?" Na ce masa wata tsohuwa ce take neman a ɗora ta a kan kwalba. Yaya, takardun jikin kwalba an buga su tun watan Yuli, dubu biyu, da ruwan zinariya: Zaɓin Delmer Burris. Ki tsaya ki yi tunani da kanki. Mutum ya ƙetaro teku don ya ga hancin da ake ba da labari, sai in ce masa hancin yana can kan dutse yana koya wa yara waƙar coci? Wa zai sayi wiskin da matar fasto ta zaɓa? Kuma ke kanki nake karewa. Ranar da sunanki ya fito, matan cocinku ɗanya za su cinye ki.

Kina ta lissafa abin da kika yi min kamar ni kwance nake ina shan iska. Wa yake sayen masara? Wa yake tsayawa kan tukunya a watan Agusta? Wa ya hana gidan nan rufewa lokacin da maƙwabtanmu uku suka rufe? Ke kina shaƙawa sau ɗaya a shekara kina tofarwa a gwangwani. Kare ma yana da hanci, ban taɓa ganin an sa sunansa a kan naman da aka farauto ba.

Yanzu ga magana mai amfani. Tunda sai goma ga wata za su fara gasa ki, kina da sati biyu cur da harshe a bakinki. Kwana uku na yi ina hawa da sauka, gwiwata har ta kumbura, na zuƙo kwalabe arba'in da takwas daga gangunan da za su nuna nan da shekara biyar. Roscoe zai kawo miki ranar Laraba. In kina yin huɗu kullum za ki gama ana gobe za su fara. Ki jera min su shekara-shekara, kowace da kalmominta. Ai bai kamata a bar abu mai amfani ya tafi a banza ba.

Lambobin bana kuma su zo tare da Roscoe, ba na son jan rai.

Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanenki,
Delmer

*

Pine Gap
30 ga Satumba, 1988

Delmer,

Ina gaishe ka don Mama ta koya min gaisuwa, ba don ka cancanta ba.

Ka san sarai ranar Laraba da la'asar matan coci suke zuwa gidan mara lafiya su yi addu'a, don ni na faɗa maka haka a wata takarda tun tuni. Su biyar ne a falona, har da matar sabon fasto da Eula Napier, wadda ba ta taɓa yafe min ba tun da aka ba ni ajin yara na ranar Lahadi aka hana ta. Muna durƙushe, Eula tana tsakiyar roƙa min lafiya, sai ga motar dusa ta tsaya a ƙofar gaba. Shekara talatin Roscoe bai taɓa bin ƙofar gaba ba. Ya shigo rungume da akwati yana ƙarar kwalabe, ɗaya ta fashe a hanya tana ɗiga a kan wandonsa. Kafin ya ajiye falon ya cika.

Ya cire hula, ya kasa kallona, ya ce, "Malama, ki gafarce ni. Oga ne ya ce yau ta gaba zan bi, in danƙa miki hannu da hannu, in ce kayan aikinki ne."

Ba wadda ta ce amin. Eula ta miƙe tana kaɗe gwiwa, ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta a hasken taga, ta ce, "Maganin tari ne wannan, 'yar'uwa Oleta? Kai, lallai tarin naki babba ne." Matar fasto ta ce, "Eula, bari mana." Ta ce, "In bari me? Mu muna nan muna goge gwiwa, ashe ga abin da ya cinye mata harshe. Allah sarki Fasto Sizemore, ashe da abin da ya kwana shekara ashirin da shida ke nan." Suka ɗauki jakunkunansu. Wadda ta kawo min miyar kaza ta koma da tukunyarta.

Jiya fasto ya zo da kansa, ya tsaya a baranda ya ƙi zama. Ya ce in huta da ajin Lahadi har sai an ga yadda hali ya yi. Yara goma sha huɗu ne, iyayen wasunsu ma ni na koyar. Eula ce za ta karɓa.

Kwalabenka arba'in da bakwai suna nan a baranda, ban rufe su ba, duk mai wucewa yana rage tafiya ya kalla. Na gwada ɗaya don in ga ko zan iya. Ka taɓa zuba wiski ɗanye, wanda bai ga ruwa ba, a kan buɗaɗɗen gyambo? Sai da na riƙe bakin tebur. Kai kuma huɗu kullum ka yanka min.

Amma ka yi min aiki ba ka sani ba. Ka ce matan coci kake kare ni daga gare su. To sun riga sun cinye ni, ba abin da ya rage da za ka kare. Takarda dubu biyu ana buga ta cikin kwana huɗu, na tambayi mai buga takardun coci. Sunana a kan kwalba, Delmer, ko ka hau gaban baƙinka da hancin da Allah ya bar maka.

Yayarka,
Oleta

*

Cedar Lick
5 ga Oktoba, 1988

Yaya,

Ina gaisuwa. Roscoe ya dawo yana ta kumbure-kumbure, wai ba zai ƙara kai miki saƙo ba. Na tuna masa wanda yake da motar, ya sauko.

E, ni na ce ya bi ta gaba, ba zan ɓoye ba. Kin ce kina so a san ki. Na ce bari in ɗanɗana miki yadda abin yake a gaban mata biyar kacal, ga shi kin cika takarda da kuka. Ina ga an buga a jarida?

Akwai abin da na riƙe shekara goma sha tara saboda tausayinki, yau kin ƙure ni. Kin ce kina rarrashin kanki da cewa Baba bai sani ba. Ya sani, Yaya. Kwana uku kafin ya cika, da rana tsaka, ya sa na fito da shi baranda. Ya daɗe yana kallon rumbu, sannan ya ce, "Kai, kana tsammanin ni wawa ne? Tun shekarar da ka faɗo na san ba kai kake zaɓa ba. Mutumin da zai shanye ruɓaɓɓiyar madara a gabana yana lashe baki?" Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka yi magana ba?" Ya ce, "In ce me? Giya tana fita da kyau. Hancin uwata yarinyar nan ta ɗauko, an dai yi asararsa a fuskar mace. Bar ta ta yi ta shaƙa maka, ai ba ta da wani amfanin da ya wuce wannan. Amma ranar da sunanta ya hau kwalbata ban yafe maka ba."

Kin tuna kin zo washegari kin wanke masa ƙafa, kin yanke masa farce? Yana kallon tsakar kanki ya san komai, bai ce miki sannu ba. Shekara goma sha biyu yana shan zaɓinki yana yaba ni a gabanki, yana sane. To wannan shi ne alfaharin da kike cewa da ya yi.

Saboda haka ba ni na hana ki ba, wasiyya nake riƙewa. Ki daina wahalar da kanki a kan abin da mai gidan ma ya ce ba naki ba ne. Saura kwana goma sha bakwai. In gidan nan ya kunyata, sunan ubanki ne ya kunyata, da na kakanki, da iyalai ashirin da suke ci a ƙarƙashinsa. Ki aiko da lambobi ki tafi asibitinki da zuciya ɗaya.

Ƙanenki,
Delmer

*

Lexington
16 ga Oktoba, 1988

Ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Jewell da dukan ma'aikata. Yaya gwiwar taka? Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kada ka tsaya a gaban baƙi kana ɗingishi.

Sun gasa ni sau biyar. Likita bai yi ƙarya ba: kofi da ruwan wanka duk ɗaya ne a bakina yanzu. Na samu ɗaki a wajen wata gwauruwa kusa da asibiti, tana dafa min kunun hatsi ina haɗiyewa da ƙyar.

Na karanta takardarka sau da yawa. Na gode da ka faɗa min gaskiya. Tunda haka Baba ya so, wace ce ni da zan ja? Na janye maganar suna, ka yafe min ɓacin ran da na jawo maka.

Ka zana alli a kan ta biyu, da ta biyar, da ta bakwai. Ta biyar ita ce wadda ta sa ni kuka. In ka zo kanta ka ɗan daɗe, ka rufe ido, ka ce ƙonannen sukari, gasasshiyar gyaɗa, ganyen taba, in an ɗiga ruwa kuma tuffa da kirfa. Ta biyu da ta bakwai za su riƙe mata baya. Ta uku kuwa ita ce ruɓaɓɓiyar. Don girman Allah kada allinka ya kusance ta.

Ubangiji ya ba ka nasara, ya ɗaukaka sunanka a gaban baƙi.

Taka har kullum, mai yi maka addu'a,
Yaya

*

Cedar Lick
24 ga Oktoba, 1988

Oleta,

Ba gaisuwa. Kin kashe ni, hankalinki ya kwanta.

Tun da aka haife ni ba ki taɓa ce min abin ƙauna ba. Ko ranar da na faɗo "wawa" kika fara ce min kafin ki kira mutane. Sai ga takarda har da tambayar gwiwata, bayan abin da na rubuta miki a kan Baba. Kwana biyar ina juya ta. Na ce matar nan tarko ta ɗana: ta ɗauki ruɓaɓɓiyar ta yi mata kirari don in zana, ta ɗauki mai kyan ta ce kada in taɓa. Na buɗe ta uku da ta biyar ni kaɗai na cusa hanci har ya yi ja, ruwan famfo da su duk ɗaya. Wa zan tambaya? Cletus? In ce masa shekara talatin da ɗaya maigidansa kurman hanci ne?

Mutum ya fi sittin a rumbu ranar Asabar. Na bi ganguna ɗaya bayan ɗaya da kofina. Na zana ta biyu. Da na zo ta biyar na kurɓa, na yamutsa fuska, na ce, "Wannan ba ta isa ta shiga kwalbar Burris ba," na wuce. Na zana ta bakwai. Na dawo kan ta uku na rufe ido na daɗe, na ce ƙonannen sukari, gasasshiyar gyaɗa, ganyen taba. Mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Na zana alli aka yi tafi.

Ana cire toshiyarta ta fara zuba a kwami a kan sauran biyun, na ga Cletus ya ja da baya. Ya matso kunnena, amma kin san muryarsa, raɗarsa ma ana ji a bakin titi. Ya ce, "Maigida, wani abu ya mutu a gangar nan?" Wata mata daga jarida ta toshe hanci da gyalenta. Ni ina tsaye a bakin kwamin ina murmushi, tururin yana dukan fuskata, ni kaɗai ne a rumbun ban san abin da ake ciki ba. Har na ɗebo da hannuna na miƙa wa babban baƙon.

Wani tsoho ne ɗan firit, Kuwabara, shi yake zaɓa musu giya a can. Ya karɓa hannu biyu, ya kai hanci, ya ajiye kofin a hankali kamar ƙwai. Ya roƙi izini ta bakin tafinta ya bi sauran gangunan. Da ya zo ta biyar ya kurɓa, ya riƙe ta a baki har mutane suka fara tari. Sannan ya juyo ya yi magana, tafinta ya ce, "Yana cewa shekara ashirin yana shan giyar gidan nan. Wanda ya zaɓi na shekarun baya ba zai wuce wannan ganga ba. Yana tambaya ina mutumin yake, yana so ya gaishe shi."

Kowa ya zuba min ido, har Jewell. Na ce, "Ya rasu."

Tsohon ya sunkuya ya yi min ta'aziyya. Roscoe yana bakin ƙofa, ya tofar da yawu ya fita. Yau jarida ta fito da hotona ido a rufe a kan ta uku. Da na shiga wajen tukunya da safe wani ya ajiye min mataccen ɓera a kan kujera, an ɗaura masa alli a wuya.

Duk ke kika jawo. Da kin rubuto da zaginki na kullum da na yarda da ke.

Yanzu ki saurara. Mutanen ba su rufe ƙofa duka ba, sun ce za su sake aiko tsohon a watan Maris. Na tambayi likitan garinmu, ya ce harshe ake gasa miki, hanci ba abin da ya same shi. Kwalabe arba'in da bakwai suna barandarki, shaƙawa kawai za ki yi. In kin yi, zan sa a buga O.B. a bayan kwalba, can ƙasa kusa da lambar gwamnati. Baba bai ce komai a kan haruffa biyu ba. Kin ga kin yi nasara ke nan. Roscoe zai zo karɓar amsa ranar Litinin.

Delmer

*

Lexington
29 ga Oktoba, 1988

Delmer,

Na samu takardarka, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi maka ƙarya a kan ganga ba, wannan karon ma ban yi ba. Na dai san ka, shi ya sa na zuba wa takardar zuma.

Likitanku ya yi gaskiya, hancina lafiyarsa lau. Ka riƙe haruffanka biyu. Rubutun kwalbar kuma kada ka taɓa shi, bana ne karo na farko da ya faɗi gaskiya: kai ka zaɓa.

Kada ka wahalar da Roscoe ranar Litinin. Ka riga ka faɗa wa mutum sittin inda nake.

Yayarka marigayiya,
Oleta Burris